Kan Yaya a Hannun Mai Juyi

A ɗakin masu karayar baya, can ƙarshen barandar asibiti inda warin maganin wanke ciwo ya fi ƙarfi, akwai wata mata da kowa ke kira Mai Juyi. Ba likita ba ce, ba nas ba ce, ko farar riga ba a ba ta ba. Aikinta juya mutanen da ba sa iya juya kansu. Gajeriya ce mai kaurin damtse, fuskarta kullum kamar wadda aka taka wa ƙafa ba a ba ta haƙuri ba. Sababbin ma'aikata sun fi tsoronta a kan babbar sista, domin duk wanda ta kama ya ja majinyaci ta hammata, ranar sai ya raina kansa.

Juyi yana da ƙa'ida, kuma a bakinta ake jin ta. Mutum ɗaya ya riƙe kai, sauran su kama kafaɗa da ƙugu da ƙafa. Mai riƙe kai shi ke da magana. In ya ce a juya, sai a juya mutum gaba ɗayansa kamar gungume, hancinsa na saitin cibiyarsa, kada wuya ya yi gaba jiki ya biyo baya. Mai riƙe kai kuma yana da doka biyu da ba a karyawa. Ba ya rufe wa majinyaci kunne da tafin hannu, kuma ba ya yin shiru. Sai ya yi ta jefa masa tambaya don kada ya sume, shi kuwa majinyaci ya amsa da baki, ban da gyaɗa kai.

"Kunne a buɗe, baki na aiki, wuya na hutu," haka take faɗa wa ɗalibai, tana zare musu ido. "In kun manta sunanku ku manta, wannan kam ku riƙe."

Ba a aji ta koyi wannan ba. A gadon bayan mijinta ta koya.

Mijin nata kafintan rufi ne, ana ce masa Dogo, kuma sunan bai yi ƙarya ba, sai ya sunkuya yake shiga ɗakinsu. Mutum ne mai tsokana. Da gangan yake ɗora mata almakashi ko kwalbar turare a saman sif, don kawai ta kira shi ya sauko mata da su yana dariya. A ƙarƙashin yayansa yake aiki, wani ɗan kwangila mai katon wuya da duk dangi ke kira Yaya, har waɗanda suka girme shi. Yaya yana da wata ɗabi'a da kowa ya sani. In magana ba ta yi masa daɗi ba, ba ya musu, ba ya faɗa. Murɗa wuya kawai yake yi ya kalli wani gefe, shi ke nan an rufe zancen, ka yi ta magana da kunnensa in kana da lokaci.

Wata safiya, a wani bene da suke yi wa rufi, katako ya karye da Dogo, ya faɗo kan tulin yashi da kansa. A asibiti likita ya manna hoton ƙashi a jikin gilashi mai haske, ya kira matar Dogo da yayansa. Wannan ce ranar da ta fara ganin cikin mutum. Ga ƙoƙon kai fari tas a sama, ga ƙasusuwan wuya guda bakwai a jere, ɗaya kan ɗaya kamar zobba, kowanne da rami a tsakiya. Likita ya ce ta cikin ramin nan laka ke bi daga ƙwaƙwalwa har ƙugu, ita ke kai saƙo hannu da ƙafa. Ya ɗora bakin biro a kan na biyar.

"Faɗuwar ta tsaga wannan," in ji shi. "Amma tsagewa kaɗai ba lallai ta yanke laka ba. Nan ƙashin ya goce. Yaya aka ɗauko shi? Da ya faɗo, yana motsi?"

"Ina! Tun a ƙasa babu abin da ke motsi a jikinsa," in ji Yaya. Ya murɗa wuya ya kalli taga.

Da yamma wani lebura ya same ta a bakin famfon asibiti, yana waige-waige. Ya ce mata Dogo da ya faɗo idonsa biyu, yana karkaɗa 'yan yatsun ƙafa a cikin yashi, yana cewa kada a taɓa shi, wuyansa. To a daidai lokacin aka ce mai ginin yana hanya zai zo duba aiki, Yaya kuwa ba ya son a zo a ga mutum a ƙasa. Sai ya cusa hannu ta hammatar ƙaninsa, ya sa aka kama ƙafa, kai na reto, aka lanƙwasa shi a kujerar bayan mota kamar buhu. Kafin a kai titi ƙafar ta daina motsi. Leburan ya faɗi wannan ya tafi. Sati bai zagayo ba Yaya ya sallame shi, ya bar garin, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Shi kuma Dogo bai tuna komai ba tun daga shayin da ya sha da safe. Aka bar ta da gaskiya a hannu, babu shaida.

Daga ranar buƙatarta a duniya ta zama guda ɗaya. Ba ta son motar Yaya, ba ta son ban haƙurinsa. So take ya buɗe baki a gaban mutane ya ce ƙafar Dogo tana motsi.

Ta tare shi a barandar asibiti, ya kau da kai. Ta tare shi a ƙofar gidansa, ya kau da kai. Ta kai ƙara wurin manyan dangi, suka ce haba, ƙaddara ce, wa zai cuci ɗan'uwansa na ciki ɗaya, ta je ta kula da mijinta. Ta koma ta kula da shi ɗin.

Shekara da shekaru Dogo yana kwance a ɗakin nan mai taga ɗaya. Ta koyi tokara matashi a bayan gwiwa da tsakanin idon sawu. Ta koyi ja da zanen gado maimakon ja da mutum. Ta koyi shimfiɗa zane ba ƙudundune ko ɗaya, domin ɗan ninki kaɗan sai ya ci fatar wanda ba ya jin zafi. Maƙwabta biyu suna shigowa su kama mata, ita a kai. Kullum in tana shafa masa mai sai ta bi gadon bayansa da yatsa, bakwai na wuya, goma sha biyu masu riƙe da haƙarƙari, biyar na tsatso, har ta haddace su fiye da hanyar gidan ubanta. A ƙeyarsa akwai wani ɗan tudun ƙashi da ya fi na mutane fitowa, nan yatsanta na tsakiya ke zama in ta tallafo kansa, kamar don shi aka yi wurin.

Tsokanar ba ta bar shi ba. In ta tsaya a kansa sai ya ɗago ido ya ce, "To, gajeriya, buri ya cika. Yau ga shi kin fi ni tsawo." Ta yi dariya, ta fita bayan ɗaki ta yi kukanta ta wanke fuska. Abu ɗaya ne ba ya yarda ta yi, zagin Yaya. Da ta ɗauko zancen sai ya lumshe ido ya ce, "Yayana ne fa." Wannan kalma ta fi komai ƙona mata rai.

Ciwon ƙirji ne ya ɗauke shi a ƙarshe. Ranar da mutane suka cika gidan suna gaisuwa, Yaya yana zaune a tsakiyar maza, ya ɗaga murya yadda za ta ji daga ciki. Ya ce, "Allah sarki. Da ya samu kulawa da ya ƙara kwana. An ce har gyambo ya yi a baya." Gyambon da yake faɗa ɗan ƙarami ne, bai kai kan yatsa ba, shi kaɗai a duk tsawon kwanciyar nan. Ta fito ba ko takalmi. Tana buɗe baki ya murɗa wuya yana amsa gaisuwar wani.

A faɗi gaskiya, ta tsane shi. Ba irin tsanar da ke hucewa in an kwana biyu ba, irin wadda ake tashi da ita a kwanta da ita. Babbar sista da ta ga yadda fatar bayan Dogo take lafiya lau a kwanciyarsa ta ƙarshe ita ta nema mata aiki a ɗakin masu karaya, nan ta samu sunan Mai Juyi, nan gashinta ya fara fari. Duk mutumin da ta juya, sai ta tuna wanda aka lanƙwasa a mota. In an haɗu a gidan dangi, ba ta kallon fuskar Yaya. Dokin wuyansa take kallo, mai ninki-ninkin nan, tana ƙirgawa a zuci daga ƙeya zuwa ƙasa. Duk kitsen nan bai hana ta sanin inda na biyar yake ba.

Mutum ɗaya ce a gidan Yaya ba ta haɗa da shi ba, facalarta, matarsa. Baiwar Allah ce mai sanyin magana, wadda a zamanin jinya take ɓoye zannuwan gado da sabulu a jaka ta kawo mata ba da sanin mijinta ba. Da girma ya zo, gwiwa ta sa facalar a gaba, sai Mai Juyi ta riƙa zuwa ranar hutunta tana gasa mata da ruwan zafi, a lokacin da ta san maigidan ya fita.

Wata rana da hantsi ta je, ashe bai fita ba. Tankin ruwan gidan ne ke yoyo, an kira mai gyaran famfo ya gyara, Yaya ya ce bai yarda da aikin ba sai ya gani da idonsa. Mutum da furfura da tumbi, 'ya'yansa maza biyu ga su nan a tsaye da gemunsu, amma a'a, shi ne ɗan kwangila. Ya kafa tsani ya hau. Mai Juyi tana ɗaki da tawul a hannu ta ji ƙarar ƙarfe, sannan wani tim da ta sha jin irinsa a mafarki.

Ta fito bakin ƙofa. Yaya yana kwance rigingine a kan siminti, kusa da magudanar ruwa, idonsa a buɗe, yana nishi. Takalminsa ɗaya ya cire. Ta kalli ƙafar. 'Yan yatsun suna motsi.

"Wuyana," in ji shi. "Wayyo, wuyana."

Babban ɗansa ya riga ya durƙusa yana cusa hannu ta hammatarsa. Ƙaramin ya ruga ya buɗe ƙofar bayan mota, yana ihu, "Kama shi, kama shi mu tafi!"

Mai Juyi ta tsaya da tawul ɗinta. Abin da ta daɗe tana kwana da shi ga shi an kawo mata har ƙofa, kuma ba sai ta ɗaga ko yatsa ba. Shiru kawai za ta yi. 'Ya'yansa na cikinsa za su ɗaga shi, kai ya yi reto, a lanƙwasa shi a mota, kafin a kai titi an gama. Babu mai cewa ta yi wani abu. Daɗi ya ratsa ta tun daga ƙeya har tsatso, ba ta kuma ji kunyarsa ba.

Sai facalar ta fito tana jan gwiwa, tana dafa bango. Mai Juyi ta dubi hannuwan nan da tsufa ya ci, ta san wa zai ɗauki fo, wa zai wanke zane, wa za a ce bai kula ba. Wani abu kuma ya faɗo mata wanda ya fi wannan nauyi. In aka sa shi a mota, zai kwanta a matsayin wanda ƙaddara ta faɗa wa, dangi su yi ta zarya suna Allah sarki Yaya, ya mutu bai faɗi kalmar nan ba.

"Kai! Cire hannunka!"

Muryar ɗakin masu karaya ce, wadda ke sa ɗalibai sakin kwano. Babban ɗan ya zare hannu kamar ya taɓa wuta.

"Gwaggo, asibiti za mu—"

"Asibiti zai zo nan. Kai, rufe motar nan ka kira motar asibiti, ka ce faɗuwa ce, wuya ne, su zo da allo da abin ɗaure wuya. Kai kuma riƙe masa ƙafa, kada ka ja. Duk wanda ya ɗaga shi, shi ya kashe masa jiki."

Ta durƙusa ta saitin kansa, ta kafa gwiwar hannu a siminti, ta zura yatsu ƙarƙashin ƙeyarsa, tafin hannu a gefe da gefe, manyan yatsu a kan kumatu. Yatsanta na tsakiya ya faɗa kan wani ɗan tudun ƙashi. Irin na Dogo ne sak, wuri ɗaya, girma ɗaya. Kan da ta yi shekaru ba ta taɓa ba ne a hannunta, an ɗora shi a wuyan wanda ya kashe shi. Idonta ya kawo ruwa, ta haɗiye, abin ya koma mata wuta.

Ta gyara tafin hannunta, ta bar kunnuwan a buɗe, yadda ƙa'ida ta ce.

Ihun ya tara mutane. Maƙwabta sun shigo, mai gyaran famfo ya dawo, surukar gidan ta tsaya da jariri a kafaɗa. Yaya yana kallonta daga ƙasa, fuskarta a kife a kan tasa.

"Yaya, kana ji na?"

Ya yi yunƙurin gyaɗa kai, ta ƙara matsewa. "Kul. In ka motsa wuyan nan, ka gama tafiya a duniya. Da baki za ka amsa. Kana ji na?"

"Ina ji."

"Wace ce ni?"

"Matar... matar ƙanina."

"Madalla, hankalinka na nan. Motsa yatsun ƙafarka. Kana jin su?"

"Ina ji."

"To bari in gaya maka abin da ke cikin wuyanka, tunda zama ya kama mu. Ƙashi bakwai ne. Na farko shi ke ɗauke da ƙoƙon kai. Na biyu shi ne wanda kake murɗawa in na zo da magana. Ina jin ɗaya daga na ƙasa ya tsage. Laka tana nan lafiya, shi ya sa ƙafarka ke motsi. In na saki, ko aka ɗaga ka ta hammata kai na reto, ƙashin zai goce ya yanke ta. Ka gane?"

"Na gane. Don Allah kada ki saki."

"Ba yau na fara riƙe kai ba. Ka taɓa ganin wanda ya faɗo haka?"

Ya yi shiru. Idonsa ya gudu dama, ya gudu hagu, ya nemi inda zai kalla. Wuyan da ya saba cetonsa yana hannunta. Babu abin da ke samansa sai ita da sararin sama.

"Ba a shiru, Yaya. In ka yi shiru zan ɗauka suma kake. Ka taɓa gani?"

"Na... na gani."

"Wa?"

"Gwaggo, wannan ba lokacin—" in ji babban ɗan.

"Riƙe ƙafa ka yi mini shiru, aikina nake. Wa ka gani, Yaya?"

"Dogo."

"Da ya faɗo kan yashi, ya yi magana?"

Gumi ya gangaro daga goshinsa ya jiƙa mata babban yatsa. "Ya yi."

"Me ya ce?"

"Ya ce... kada a taɓa shi."

"Ƙafarsa fa? Ɗaga murya, ruwan tanki na zuba, ba a ji."

Tsakar gidan ta yi tsit, sai ɗigar ruwa a kan siminti. Facalar ta zame ta zauna a ƙasa. Hawaye ya bi gefen idon Yaya ya shiga kunnen da aka bari a buɗe.

"Tana motsi," in ji shi. "Ƙafarsa tana motsi. Ni na ɗaga shi."

Mai Juyi ta ɗago kai ta bi fuskokin da ke tsaye ɗaya bayan ɗaya, ta tabbata kowa ya ji. Sannan ta ci gaba da tambayarsa sunayen jikokinsa, da abin da ya karya da shi, da launin motarsa, cikin muryar aiki, hannunta bai goce ko kaɗan ba har motar asibiti ta iso. Ita ta ba da umarnin juyi, aka mirgina shi kan allo gaba ɗayansa, hanci na saitin cibiya. Da aka ɗaure wuyan aka ce ta saki, yatsunta suka ƙi miƙewa, sai da facalar ta kama su tana murzawa tana kuka.

An yi masa aiki, aka haɗe ƙasusuwan da ƙarfe. Ya tashi, yana tafiya da ƙafarsa, yana cin abinci da hannunsa. Mutanen unguwa suna cewa ka ga mai zuciyar imani, ta ceci wanda ya cuce ta. In maganar ta zo kunnenta sai ta taɓe baki. Ba ta yafe ba, ba ta kuma ce za ta yafe ba.

Wuyan dai ya warke a sandare. Yaya ba ya iya waiwaye, ba dama ba hagu. In zai kalli gefe sai ya dafa sanda ya tashi ya juya da jikinsa duka, abin kuwa yana ba shi wuya, don haka ya fi zama a kujerarsa ta baranda yana fuskantar ƙofa. Mai Juyi ta daina zaɓen lokacin da ba ya nan. Ranar hutunta, in ta gama gasa wa facalarta gwiwa, sai ta ɗauko 'yar kujera ta ajiye a gabansa daidai saitin hancinsa, ta zauna, ta gyara zane.

"Yaya, ina wuni?"

Ya amsa yana kallonta.